Ƙunshi a Ƙasan Akwatin Lefe

Daren kwana na biyar da kawo lefenta, Rahmatu ta ji wani sauti da ba ta taɓa jin irinsa ba a gidansu na Kurfi.

Ɗas. Sai shiru. Ɗas.

Ba daka ba ne, turmi ya fi haka nauyi. Ba ƙadangare ba ne a kan kwano. Ya fi kama da mutumin da ke taka ƙasa da diddige, ya tsaya ya duba abin da ya taka, ya sake takawa. Daga ɗakin yayanta Ya'u yake fitowa. Ta ƙirga har goma sha ɗaya, barci ya sace ta.

Da safe Ya'u ya miƙo hannu zai karɓi kunu, ta ga gefen tafinsa ya yi shuɗi.

"Yaya, mi ya samu hannunka?"

"Maganin gyambo ne, jakin Baba na shafa ma. Ke komi sai kin tanka?"

Jakin Baba ba shi da gyambo. Amma mai jiran aure nan da wata guda ba ta tsayawa duba ƙafar jaki. Ta kwashi littattafanta ta tafi makaranta.

Shekarunta ashirin da shida a lokacin. Mijinta na fari ya rasu a hatsarin mota hanyar Funtuwa, bai bar mata ɗa ba, ta dawo gida tana koyar da 'yan aji uku. Mahaifinta Alhaji Ɗanmusa, babban mai sayen hatsi, ya so ya ba Alu ita, ɗan ƙanwarsa mai motar ɗaukar kaya. Sai dai bazawara ba a yi mata dole, liman ma ya faɗa masa haka a gaban mutane. Ita kuwa ta ce Ilu take so.

Ilu mutumin Karofi ne. Aji biyu na sakandare ya yi, kuɗi suka ƙare, ya koma gona. Da aka datse ruwan Zobe ya zama tafki, manoman rani arba'in da uku suka kafa ƙungiya, suka naɗa shi magatakarda domin shi kaɗai ne ke rubutun da banki zai karɓa. Irin mutanen nan ne da kan tsaya bakin ruwa su yi ta kallon wata kuka da tafkin ya haɗiye, saura kanta kawai a waje, belbelu na sauka a kai kamar ba abin da ya faru da ƙasar. Alhaji Ɗanmusa ya ce wannan ba miji ba ne, mai gadin tsuntsaye ne. Duk da haka ya karɓi sadaki, fuskarsa a ɗaure.

* * *

Ga yadda abin ya soma.

Shekara biyu 'yan ƙungiya suna tara kuɗin injin ban-ruwa. Wani ya sayar da akuya, wani ya sayar da waken da iyalinsa za su ci, har suka kai naira dubu huɗu da ɗari biyu a wani banki a Dutsin-Ma. Ba a fitar da ko kwabo sai da abu huɗu: littafin ajiya, tambarin ƙungiya, dangwalen yatsan shugaba, da sa hannun magatakarda tare da takardar harajinsa, domin a wancan zamani ita ce shaidar mutum, ba hoto a jikinta, suna ne kawai da gari.

Shugaban, Baba Sodangi, tsoho ne mai ciwon gwiwa. Fartanya ta cinye zanen babban yatsansa, in ya dangwala sai ka ga kamar ƙwan zabo. Hawa mota zuwa Dutsin-Ma azaba ce gare shi, saboda haka wata rana ya ce da Ilu, "Kawo takardun nan in dangwale maka su gaba ɗaya, in huta." Ya dangwala shida, babu rubutu a kan ko ɗaya.

Ɗakin Ilu kuwa gara ta kama shi, ta taɓa cinye masa rabin littafin taro. Abu ɗaya ne a ɗakin mai ƙarfe da kwaɗo: sabon akwatin da yake tara lefen Rahmatu. Ya haɗa littafin ajiya, da tambari, da takardun nan shida, da takardar harajinsa, da wasiƙu biyu masu sa hannunsa, ya ƙulle su a koren hankici, ya cusa ƙarƙashin atamfofi. A zuciyarsa ba wurin da ya fi wannan tsaro, don ba mai taɓa kayan lefe kafin ranarsu.

Ya tafi Katsina tambayar farashin inji, ya kwana biyu. Kafin ya dawo wani malami ya gaya wa Gwaggo Fatu, ƙanwar mahaifinsa wadda ta raine shi, cewa Alhamis ɗin nan rana ce mai sa'a. Ta sa aka fasa kwaɗon, ta tara mata, suka ɗauki akwati da guɗa sai Kurfi.

Da ya dawo ya ga wurin akwatin wayam, ya ruga wurin Gwaggo Fatu.

"Gwaggo, takardun ƙungiya na ciki. Don Allah ki koma ki karɓo mani."

"In koma ina?"

"Kurfi. Ƙunshi ne ƙarami, kore."

Gwaggo Fatu ta ajiye tsintsiya ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Ilu, kanka ɗaya? Lefe ya shiga gidan surukai, an yi guɗa, an ba mu tukuici, sannan in koma in ce a buɗe mani akwati zan ɗauki wani abu? Ko su ce mun zo janye aure, ko su ce mun kira su ɓarayi. Uban yarinyar nan dama dalili yake nema."

"To ni in je."

"Kai? Ka shiga gidan surukinka ka ce a zazzage maka kayan matarka? Wallahi da bakin Karofi ka gama. Ka yi haƙuri ɗan nan, nan da wata guda akwatin zai dawo ɗakinka da mai shi. Wa zai ci takarda?"

Ilu ya haƙura. Sau biyu ya je zance, sau biyu maganar ta zo masa har leɓe, kunya ta mayar da ita ciki. Rahmatu ta ce ya rame. Ya ce zafin rana ne.

* * *

Kwana goma sha biyu da tafiyar akwati, ya kasa jurewa. Ya hau kekensa ya tafi banki, da niyyar ya roƙi a yi masa sabon littafi a asirce.

Akawun da ya san shi, Gidiyon, mutumin kudancin Zariya ne da ya shekara goma sha biyu a Dutsin-Ma, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ranar ce ya dawo daga jana'izar mahaifiyarsa. Yana hango Ilu ya washe baki.

"Malam Ilu, manyan masu inji! Yaushe za a gayyace mu cin tumatir?"

"Wane inji?"

"Wanda ka kwashe kuɗinsa ranar kasuwa mana. Naira goma sha biyu ka bar mana, ko na goro ba su kai ba."

Ilu ya kama katakon gabansa. Gidiyon ya ga fuskarsa, dariyar ta mutu. Ya shiga ciki ya fito da takarda. Ga ƙwan zabon Baba Sodangi. Ga tambari ya fito ras. Ga sa hannun Ilu, har da 'yar wutsiyar da yake ja a ƙarshen sunansa.

"Ba ni ba ne," in ji Ilu. "Takardun sun bar hannuna kwana goma sha biyu ke nan."

"Kwana nawa?"

"Goma sha biyu."

Gidiyon ya zare tabarau ya ajiye.

"Ilu, Ilu. Ranar da takarda ta bar hannunka, ranar nan za ka zo, ko da rarrafe. Minti ɗaya ne aikin. In ja jan layi a kan asusun, a soke littafin, a sassaƙa sabon tambari, duk wanda ya kawo tsohon mu rufe ƙofa da shi a ciki. Kuma wa ya ce ku dangwala farar takarda? Farar takarda mai dangwale ai kuɗi ce, ba ta da bambanci da naira."

"Wa ya biya kuɗin?" in ji Ilu.

"Julius, sabon yaron da aka kawo ya riƙe mani kujera. Kwanansa uku a garin nan. Mutum ya zo da babbar riga, ya ce shi ne Ilu Karofi, ga takardar haraji ta ce haka. Mi zai yi?" Ya rage murya. "Amma ya ce in ya sake ganin fuskar zai gane ta. Ka faɗi inda takardun suka ɓace, a samu mutum ɗaya ya shaida, 'yan sanda su kwaso mazan wurin a jera wa Julius. Shi ke nan ka fita. A ina suka ɓace?"

Ilu ya dubi agogon bango na bankin, wanda kullum yake gaba da mintoci ashirin ba wanda ya taɓa gyara shi.

"Sun dai ɓace," ya ce.

Kafin la'asar labari ya isa Karofi. 'Yan ƙungiya suka tsare Ilu a ƙofar gidan Baba Sodangi, mutum arba'in da wani abu, waɗanda jiya suke ce masa Malam.

"Da akuyata ka yi lefe!"

"Atamfa nawa wakena ya saya maka?"

Wani ya fizge agogon hannunsa. Wani ya tura kekensa cikin gida ya ce ya riƙe a bakin nasa kason. Wata tsohuwa da ta sa kuɗin ƙuli-ƙulinta da sunan ɗanta ta matso ta tofa masa yawu a riga. Baba Sodangi yana zaune a kan buzu, ya ɗaga yatsansa sama yana kuka kamar yaro.

"Na ba ka wannan don na ɗauke ka ɗa. Ka faɗa masu inda ka kai takardun, Ilu. Ka faɗa ko na samu in haɗa ido da mutane."

Bai faɗa ba. Suka kai shi wurin 'yan sanda. Gidiyon ne ya tsaya masa aka ba da belinsa, aka sa shari'a ranar Litinin.

* * *

Ranar Juma'a, ana cikin hutun tara, wata ɗaliba ta ce da Rahmatu ana sallama da ita a bayan aji. Ta sami Ilu ƙarƙashin bishiyar bedi, ya zo da ƙafa, leɓensa ya tsage.

"Malam, gaskiya ne abin da ake faɗi?"

"Ke mi kika gani?"

"Ni ban yarda ba. Baba ya ce ɓarawo na zaɓa, na ce a yanka ni in kai ne. Amma don mi ka ƙi magana? An ce an tambaye ka ka yi shiru."

Ya daɗe yana murza ganyen bedi a hannunsa kafin ya ce, "Suna cikin akwatinki, Rahmatu."

Ya ba ta labari tun daga gara har zuwa Gwaggo Fatu. Tana ji tana girgiza kai, hawaye na zuba.

"Ni ce fa. Ni ce za ka aura. Sau biyu ka zo ka zauna gabana muna maganar labule da kwanuka. Kalma ɗaya, da na shiga na ɗauko maka."

"Na ji kunya."

"Kunyata?"

"Kunyar gidanku. Na ce kar a ce tun ban shigo ba na fara bincike."

"Ban ga wani ƙunshi ba, wallahi. Kwana uku akwatin na ɗakin Inna ana zuwa gani, kafin a kawo mani shi."

A daidai nan, ta tagar ofis, hedimasta ya fara buga tambari a katunan jarrabawa.

Ɗas. Ya ɗaga ya duba. Ɗas.

Rahmatu ta dafe bishiya. Ta ga hannu mai shuɗi yana karɓar kunu. Ilu yana kallon fuskarta, ya ga lokacin da ta sani, ya kawar da kai don kada ya ga fiye da haka.

"Kar ki gaya mani suna," ya ce.

"Malam..."

"Kar ki faɗa. Ni da bakina ba zan kira gidanku a gaban alƙali ba. In na kira, ko na fita, na rasa ki, don ba ɗiyar da za ta zauna da wanda ya kai 'yan sanda ɗakin uwarta. In ban kira ba, na tafi gidan yari. Duk ta inda na bi babu ke."

"To mi kake so in yi?"

"Ba na son komi. Litinin da hantsi za a zauna. In kin zo kin faɗi abin da kika sani, ke kika faɗa, ba ni ba. In ba ki zo ba, zan gane."

"Za ka gane mi? Cewa ba na son ka?"

"Zan gane an fi ƙarfinki."

"Zan zo," ta ce tana shessheƙa. "Ko da ƙafa, zan zo."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ya juya ya kama hanya, ta bi bayan rigarsa da ido, ga tabon yawun nan bai fita ba.

* * *

Ta tarar da Ya'u a tsakar gida yana goge sabuwar rediyo da gefen riga. Inna na tankaɗe a gindin rumbu.

"Yaya, jakin Baba ya warke?"

Ya ɗago. Ya gane. Bai ko razana ba, murmushi ya yi.

"Ashe ba barci kike ba."

"Sau goma sha ɗaya ka buga."

"Sai da na gwada a bayan kwali tukuna. Tambarin nasu ma karkatacce ne, kamar mai shi."

"Wa ya je bankin? Kai?"

"Ni an san fuskata a Dutsin-Ma. Alu ya je. Rigar Baba ta Sallah ma ya ara." Ya murɗa rediyon, ta yi ƙara, ya kashe. "Ki gode mana. Mutumin da zai sa dukiyar mutum arba'in cikin ɗankwalayen mata, shi za ki ba kanki? Mun nuna maki shi ne tun da wuri."

"Za a ɗaure shi, Yaya!"

"Ya huta da noma."

Ta juya wurin mahaifiyarta ta zube a gabanta.

"Inna, kin ji? Kin ji abin da suka yi?"

Inna ba ta daina tankaɗe ba.

"Ni na tsinci ƙunshin," ta ce. "Na zaci laya ce aka sa maki don a juya maki kai. Na ba yayanki ya karanta mani. Abin da ya biyo baya ban sa su ba, ban kuma hana ba."

"Inna!"

"Kar ki yi mani ihu. An ce bazawara ba a yi mata dole, to ba mu yi maki ba. Ga ki ga zaɓinki."

"Litinin zan je in faɗa."

Sai a lokacin Inna ta ajiye rariya. Ta karkaɗe garin hannunta a hankali.

"Ki faɗi mi? Ki ce ɗana ɓarawo ne? Shi kaɗai gare ni namiji, Rahmatu. Huɗu na binne kafin shi. Ki ce ɗan ƙanwar ubanki ɓarawo ne, ki ce uwarki ta miƙa masu? A zo a sa mani ankwa da furfurata saboda wani ɗan Karofi da bai ko ɗaura maki aure ba?"

"Bai yi komi ba, Inna. Saboda ku ya yi shiru. Ana tofa mashi yawu ya ƙi kiran sunan gidan nan."

"To ya fi ki tarbiyya."

Ya'u ya fashe da dariya.

Rahmatu ta kama ƙafafun Inna tana kuka. "Ku mayar da kuɗin ko a ɓoye. A ajiye a ƙofar masallaci, a ce an tsinta. Ba sai na yi magana ba."

"An sa wa motar Alu sabon inji," in ji Ya'u. "Ki je ki kwance."

Inna ta janye ƙafarta. Ta kai hannu ta kama ƙullin zanenta a ƙirji.

"Dube ni da kyau. Da wannan na shayar da ke shekara biyu. Ranar Litinin in kika taka ƙofar gidan nan, zan kwance zanen nan in ɗaga maki shi a gaban duk wanda ke titi, in ce ban yafe ba duniya da lahira. Sai ki je ki yi auren, mu ga abin da za ki haifa."

* * *

Litinin ta zo. Rahmatu ta yi wanka, ta sa mayafi, ta ƙulle kuɗin mota a bakin zane.

Inna na zaune a bakin ƙofar zaure, ta miƙe ƙafafu daga wannan bango zuwa wancan. Ba carbi a hannunta, ba aiki. Hannunta ɗaya na kan ƙullin zane.

"Inna, ki ba ni hanya."

"Ga hanya. Tsallake ni."

Daga nan ana jin ɗan kamasho a tasha yana kira, "Dutsin-Ma! Dutsin-Ma mutum biyu!" Can ya koma mutum ɗaya. Rahmatu ta ɗaga ƙafa. Yatsun Inna suka ja bakin ƙullin, zanen ya sassauta.

Ƙafar ta daɗe a sama. Wata kaza ta zo ta bi ta ƙarƙashinta ta fita waje abinta.

Sai aka ji motar ta tashi.

Rahmatu ta mayar da ƙafarta inda take. Ta tsaya nan da mayafinta har inuwar zaure ta gajarce, ta koma ta miƙe ta ɗaya gefen. Da azahar Inna ta tashi, ta gyara ɗaurinta, ta ce, "Allah shi yi maki albarka," ta shiga ɗora tukunya.

* * *

Ranar Laraba Gwaggo Fatu ta zo da mata biyu karɓar akwati. Ba guɗa wannan karon. Ta ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa mata, ta ƙi ruwa.

"Wata goma sha takwas aka yanke mashi," ta ce, ba wanda ya tambaye ta. "An ce a sayar da gonarshi ta bakin ruwa da duk abin da ya mallaka a rage wa mutane asara, har da kayan nan. Gonar ma an samu mai saye tun a ƙofar kotu. Ɗanku Alu, Allah shi ƙara arziki."

"Amin," in ji Inna.

Gwaggo Fatu ta juya ta sami Rahmatu da ido, tana tsaye jikin ƙyauren ɗakinta.

"Sau uku alƙali ya ce mashi, ina ka kai takardun? Sau uku shina waiwayen ƙofa. Har alƙali ya ce, wa kake jira? Ya ce ba kowa, ranka ya daɗe."

Rahmatu ta cusa bakin mayafi a bakinta ta cije.

Lefe in zai koma, sai an ƙirga shi a gaban wadda ta ƙirga shi ranar da ya zo, don kada gobe a ce an riƙe wani abu. Aka aika gidan da ke jikin nasu aka kira Hassana, tsohuwar da ake kira duk bikin unguwa saboda ba ta karatu amma ba ta mantuwa. Ta shigo da sallama, ta zauna ta ja akwatin gabanta. Matan maƙwabta suka cika tsakar gida. Ya'u na jingine a ƙofar ɗakinsa da rediyo a kafaɗa.

"Atamfa shida," in ji Hassana tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. "Ga su. Leshi ɗaya. Mayafi uku. Takalmi ƙafa biyu. Sabulu sanda huɗu, turare kwalba biyu, ɗaya an taɓa shi amma ba komi. Sarƙa da 'yan kunne. Madubi."

"Sun cika," in ji Inna. "A rufe."

"Tsaya tukuna."

Hassana ta zura hannu har ƙasan akwatin, ta shafa kusurwa huɗu. Ta ɗaga shi ta kifar, ta bubbuga bayansa. Ƙwayar kanumfari ɗaya ta faɗo ta gangara.

Gwaggo Fatu ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Ya'u ya sauke rediyo daga kafaɗa. Hannun Inna ya tafi a hankali ya sauka kan ƙullin zanenta, idonta a kan ɗiyarta.

Hassana ta dubi wannan, ta dubi waccan.

"Wai ni kam, ranar da aka kawo kayan nan akwai wani ƙunshi a can ƙasa, cikin koren hankici, da wani abu mai tauri a ciki kamar katako. Da hannuna na ɗaga shi na mayar. Ina ya shiga?"